Canjin Naira Dubu

Gab da in ajiye alli, a shekarun ƙarshe na aikina, na rubuta wa 'yan aji biyar wannan a allo: 1000 − 650. Na shiga bin layi ina leƙa littattafai, ina tsallake ƙafafun waɗanda ke zaune a ƙasa don benci bai isa ba, har na iso kan wata yarinya da ke zama jikin taga. Aikinta tsaf. Ta jera lambobin ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ta ja layi da rula, ta rubuta amsa: 1650.

Na san gidansu. Mahaifiyarta ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, ita kuma yarinyar ke kai wa kasuwa in an tashi makaranta. Sai na durƙusa, na dafe littafin da tafin hannuna, na ce, “'Yata, wani ya sayi mai na ɗari shida da hamsin, ya miƙo miki dubu. Nawa ne canjinsa?”

Ko numfashi ba ta ja ba. “Ɗari uku da hamsin, Malam.”

“Ta yaya kika sani?”

“Hamsin ta cika ɗari bakwai, ɗari uku kuma ta kai dubu.”

Na ɗage hannuna na nuna mata abin da ta rubuta. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Ai wannan na makaranta ne, Malam.”

Ba ta yi sakaci ba, doka ta bi. An taɓa gaya mata ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ta riƙa ɗebe ƙarami daga babba a kowane gida: biyar da sifili, biyar, shida da sifili, shida, ɗaya kuma ta sauko da shi. Bai dame ta ba cewa canjin ya fi kuɗin da aka bayar, domin a wurinta lambobin allo ba kuɗi ba ne, wasu baƙaƙe ne da ake jujjuyawa don malam ya sa maki. Lissafi biyu ne a kanta, na kasuwa da na makaranta, kuma ba sa ga maciji.

Ba a kanta aka fara ba. A 1985 wasu masana uku sun wallafa abin da suka gani a birnin Resife na ƙasar Birazil. Sun je wurin yara masu sayar da kwakwa da lemo a bakin titi, suka yi ciniki da su kamar kowane mai saye, yaran suka ba da amsa daidai a kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin. Da aka ba su irin waɗannan lambobi a takarda, tsirara babu labarin ciniki, abin da suka ci bai kai kashi 40 ba.

A kan irin wannan yaro ne masu ilimin koyarwa suka shafe fiye da shekara sittin suna ja-in-ja. Wasu na cewa malam ya tsaya gaban allo, ya nuna hanya ɗaya tabbatacciya, yara su yi ta maimaitawa har ta zauna, su haddace jadawalin sau, fahimta za ta biyo baya. Wasu kuma na cewa a ba yaro matsala ya yi kokawa da ita, ya laluɓo hanyarsa, ya faɗi dalilinsa, domin haddar da babu fahimta karatun aku ce. Ni na zauna ƙarƙashin duka biyun ina ɗalibi, na kuma koyar da duka biyun ina malami.

Na shiga firamare a 1969, lokacin kuɗinmu fam ne da sule da kwabo. Kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ga taro, ga sisi, ga nai. Shi ya sa jadawalin sau yake kaiwa sha biyu: wanda bai san sau sha biyu ba, ba zai mayar da sule kwabo ba. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta zo da kwabo ɗari, amma jadawalin da ke bayan littafin rubutu har yau a sha biyu yake tsayawa. Kullum da safe mukan rera shi kamar waƙa, “tu tayims tu, fo”, malam na zagayawa da tsumagiya. Da yawanmu in aka tambaye mu bakwai sau takwas, sai mun koma kan bakwai sau ɗaya mun taho da waƙar a zuci kafin mu iso. In aka katse mu a tsakiya, shi ke nan, sai a sake sabon lale.

Muna manyan azuzuwa sai ga abin da aka kira lissafin zamani. Asalinsa can nesa ne. Ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko, hankalin Amurka ya tashi, ta ga an wuce ta a kimiyya. Aka tara shehunan malaman jami'a su sake wa lissafin makaranta fasali, suka ce a bar sa yara aikin akawu, a koya musu ginshiƙan da lissafi ya tsaya a kai. Daga 1962 aka riƙa taron rubuta irin waɗannan littattafai domin Afirka a Entebbe ta ƙasar Yuganda, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da Grace Alele-Williams, mace ta farko a Nijeriya da ta sami digirin dakta, wadda ta gwada tsarin a makarantun Legas. Da ya iso ajinmu, sai muka ga malam yana zana da'ira yana zuba awaki a ciki yana cewa rukuni ne, ya zana wata babu komai ya ce ita ma rukuni ce. Aka kuma koya mana ƙirga da ke juyawa a biyar maimakon goma.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, goro yake sayarwa. Bai yi boko ba, amma ya san lambobi, kuma yakan lissafa kuɗin ƙwarya goma sha bakwai kafin mai saye ya gama kwance lalitarsa. Wata rana da dare ya ɗauki littafina ya kara kusa da fitila, ya ga na rubuta 3 + 4 = 12, malam kuma ya sa mini alamar daidai da jan biro. Ya ce, “Kai, zo nan. Uku da huɗu nawa ne?” Na ce, “Bakwai, Baba.” Ya ce, “To wannan fa?” Na ce haka aka ce mu rubuta. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya rufe ya ce gobe in biyo shi kasuwa bayan la'asar.

Abin ba shirme ba ne. In kana ɗaure goro biyar-biyar, bakwai ɗauri ɗaya ne da guda biyu, wato 1 da 2. Manufar ita ce yaro ya gane dalilin da ya sa in an kai goma ake tsallakawa gida na gaba. Da malaminmu ya faɗi haka da goro a hannu, da mahaifina ne zai fara gyaɗa kai. Amma shi kansa malamin ɗan gajeren kwas aka yi masa aka miƙa masa littafi, sai ya sa muka haddace sabon kamar yadda muka haddace tsohon. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 1976 aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu maƙil, aka ɗebo malamai da gaggawa. A Janairun 1977, a wani taro a Benin, kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani. Ina shekarar farko a kwalejin horon malamai, muka ajiye littafi muka ɗauki wani.

Su ma waɗanda suka aiko mana da shi ba su zauna lafiya ba. Tun 1973 wani malamin lissafi, Morris Kline, ya fitar da littafin da sunansa kawai tambaya ce: me ya sa yaro ya kasa tarawa? Aka koma tsohon yayi. A 1989 ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka ta fito da sabon tsari mai ƙarfafa warware matsala da amfani da kalkuleta, mai rage yawan atisayen biro da takarda. Iyaye a jihar Kalifoniya suka tayar da ƙayar baya, jihar ta sauya manhajarta a 1997, kuma a 1999 masana lissafi da kimiyya kusan 200 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna sukar littattafan da ma'aikatar ilimi ta yaba. Har yaƙin lissafi suka sa wa abin suna. A 2008 kwamitin da shugaban Amurka ya naɗa ya ce fahimta da ƙwarewar hannu da iya warware matsala kowanne na tallafar ɗan'uwansa ne. Maganar da tsohuwa mai koyar da saƙa za ta gaya maka kyauta, sai da aka yi shekaru ana faɗa kafin a rubuta ta.

Ni dai ba na cikin masu raina hadda. Kan mutum abu kaɗan yake iya riƙewa a lokaci guda. Yaron da ke tsakiyar doguwar rabawa, in sai ya tsaya ƙirga bakwai sau takwas da yatsu, kafin ya dawo ya manta inda ya baro. Wanda 56 ke faɗo masa nan take, hankalinsa na kan ainihin tambayar. Ingila ta gane haka: tun 2022 dole kowane ɗan aji huɗu ya zauna gwajin jadawalin sau har sha biyu, tambaya 25, daƙiƙa shida kowace. Masu cewa ai kowa na da kalkuleta a wayarsa, su tsaya wurin mai POS su gani. In yatsa ya ƙara sifili ɗaya, na'ura ba za ta ce uffan ba. Wanda ke da lissafi a ka ne zai ce a'a, wannan kuɗin ya yi yawa.

Kuma mu ba baƙin hadda ba ne. Amma a dubi yadda malamanmu na zaure ke yi: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma da Hausa, ya kawo misali da rijiya da tulu da akuyar maƙwabci, sai ya tabbata ma'ana ta shiga sannan a ƙara gaba. Abin da muka yi wa lissafi a makarantun gwamnati shi ne jan baƙi babu fassara. Wannan ne ciwon, ba haddar ba.

Ga misalin da ya fi ci mini rai. Ka ba 'yan aji shida ½ + ⅓, da yawa za su rubuta ⅖, sun tara na sama sun tara na ƙasa. Na yi shekaru ina gyara wannan da jan biro, har da bulala a farkon aikina, abin da nake nadama har yau. Ranar da na shigo aji da karan rake mai gaɓa shida, abin ya sauya. Rabinsa gaɓa nawa? Uku. In mutum uku za su raba fa? Bibbiyu. To uku da biyu? Biyar cikin shida. Sai wani yaro daga baya ya ce, “Malam, ashe biyu cikin biyar ma bai kai rabi ba.” Ya gano da kansa cewa tsohuwar amsarsa ba ta yiwuwa, tunda ba ka ƙara wa rabi wani abu ya ragu. Bayan nan na ba su dokar, na kuma ba su atisaye har suka gaji, domin rake ba ya shiga ɗakin jarrabawa. Singafo, wadda ta zo ta ɗaya a gwajin lissafi na ƙasashen duniya a 1995, a kan wannan ta gina littattafanta tun farkon shekarun 1980: abu a hannu tukuna, sai zanensa, sai lambobi.

Wani abin takaici, wannan lissafi na kaso yana cikin bakinmu tuntuni. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni: duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ji su, ya ga malami yana neman adadin da zai rabu wa kowa ba tare da ɓari ba. Wannan shi ne daidai abin da muke sa yara nema da Turanci suna zufa. Kuma a 1732 wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, wanda ko ta ina ka tara layinsa adadi ɗaya za ka samu. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa. Ban taɓa ganin sunansa a littafin da aka ba ni in koyar da shi ba. Duk yaron da ya ce mini lissafi ba namu ba ne, labarinsa nake ba shi.

Sai dai duk wannan magana a wuyan malami take rataye, kuma nan ne masu gardamar ke saurin wucewa. Wata mai bincike, Liping Ma, ta fitar da littafi a 1999 inda ta yi wa malaman firamare 23 na Amurka da 72 na ƙasar Sin tambaya guda: a raba 1¾ da ½, sannan a ƙirƙiro labarin da ya dace da lissafin. Cikin na Amurka mutum ɗaya ne ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai. Cikin na Sin, tara cikin goma sun kawo, alhali yawancinsu ba su kai na Amurkan yawan shekarun karatu ba. Da na ci karo da tambayar na gwada kaina. Amsar ta zo nan da nan, 3½, domin na haddace “juya na biyun ka ninka”. Labarin kuwa sai da na kwana ina juyi. Da asuba ya zo mini: kana da gero mudu ɗaya da kwata uku, kullum gida na cin rabin mudu, kwana nawa zai kai ku? Uku da rabi. Na fi shekara ashirin ina koyar da wannan doka ban taɓa tambayar kaina me take nufi ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayata, daga kwaleji har masu zuwa duba makarantu. Su abin da suke dubawa shi ne ko na kai shafin da manhaja ta ce in kai a wannan mako.

Manhajar kuwa ba ta jira. Ɗan aji biyar da bai iya ɗebewa ba, haka za a wuce da shi zuwa kaso cikin ɗari, tunda haka takarda ta ce. Wanda ya ce a bar yara su gano da kansu, ina so ya shiga ajin da yara suka haura ɗari, alli guntu ɗaya, ya nuna mini yadda ake yi. Wanda kuma ya ce a dage da maimaitawa kawai, ya zo ya ga 1650. Abin da na ga yana da ma'ana a irin halinmu shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi: a gwada kowane yaro, a raba su gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a ware lokaci kullum a koma tushe da tsinke da duwatsu. An gwada shi a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, daga 2019.

Saura harshe, wanda a ganina shi ne rabin rigimar a wurinmu. Bahaushe in ya ce goma sha ɗaya, goma sha biyu, ya riga ya faɗi yadda ake rubuta 11 da 12: goma guda, da ƙari. Kalmomin Turanci na waɗannan lambobi biyu ba sa nuna wa yaro komai, haddace su kawai zai yi. In muka ce ashirin ba biyu, ɗebewa muka yi a cikin suna. 'Yar talla a Maraɗi da dala take ƙirga, in ta ce dala ashirin tana nufin sefa 100, wato kullum cikin ninkawa da biyar take ba tare da an ce mata jadawali ba ne. Duk wannan dukiya a bakin ƙofar aji muke sa yaro ya tuɓe ta tare da takalminsa.

An daɗe da sanin haka. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara duk darussa da Yarabanci shekara shida, har da lissafi, Turanci kuma aka ba shi darasinsa, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a azuzuwan farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi har aji shida, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci, bisa hujjar faɗuwa jarrabawa. Ni abin da na sani, duk tsawon aikina ba a taɓa miƙo mini littafin lissafi na Hausa in shiga aji da shi ba. Abin da ba a ba shi littafi ba, ba a horar da malaminsa ba, ban ga yadda za a ce an gwada shi ya kasa ba. Ba na cewa a bar Turanci, da shi za su rubuta WAEC da NECO. Cewa nake a ba da dalili da harshen da yaro ke tunani da shi, sannan a ɗora masa sunan Turancin a kai.

Washegarin ranar 1650 na zo da kwalin sabulu da na yanyanka da daddare, na rubuta 1000 a guda, 100 a wasu, 10 a wasu. Na kira yarinyar gaban aji, na ba ta ta dubun, na ce ta ba ni ɗari shida da hamsin daga ciki. Ta ce, “Sai an yi canji, Malam.” Na karɓa na ba ta 'yan ɗari-ɗari guda goma. Ta ƙirgo shida ta ba ni, ta tsaya, ta miƙo ɗaya ta ce a fasa mata ita ma. Na ba ta 'yan goma-goma guda goma, ta zaro biyar. Ta duba hannunta: ɗari uku, da 'yan goma-goma biyar. Duk abin da ta yi ina rubuta shi a allo, ina soke ɗaya ina sa tara a gidan ɗari, ina sa goma a gidan goma, daidai abin da littafi ke kira aro.

Ta daɗe tana kallon allon, kwalayen na hannunta. Sannan ta ce, “Malam, to me ya sa ake cewa aro? Ai ba a mayarwa. Canji ne.”

Na ce ta fi littafin gaskiya, daga yau a ajin nan canji za mu riƙa cewa. Na share allon na rubuta 2000 − 1250, na ce wannan karon babu kwali, kowa ya ɗauko biro.